Tambayoyi da Amsoshi Kan Farin Wada, Tauraron da Wutarsa Ta Mutu Amma Bai Daina Haske Ba

Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a nan Sakkwato duk lokacin da zance ya kai ga yadda taurari suke ƙarewa. Wasu daga bakin ɗaliban sakandare suka fito, wasu daga masu karanta fiziks a jami'a, wasu kuma dattawa ne suka yi su, irin waɗanda suka san sama tun kafin fitilun gari su disashe ta. An haɗe masu kama da juna, an bar wasu yadda masu su suka faɗe su.

Malam, mene ne farin wada tukuna?

Ragowar tauraro ne. Tauraro irin Ranarmu yana rayuwa da wutar da ke tsakiyarsa, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, matsi kuma ya tsananta har cibiyoyin ƙwayoyin zarra na haidurojin suke haɗewa su zama hiliyam. Wannan haɗewar ce take ba da makamashi. Ranar da haidurojin ɗin tsakiya ya ƙare, tauraron yakan kumbura ya zama jan ƙato, tsakiyarsa ta ƙara matsewa har zafinta ya kai digiri miliyan 100. Nan hiliyam ma yake kamawa, ya koma kabon da oksijin. Daga nan tafiya ta ƙare. Kafin kabon ya kama sai zafi ya haura digiri miliyan 500, kuma yawancin taurarin da nauyinsu bai kai ninki 8 na Rana ba ba sa iya kaiwa can. Sai tauraron ya yi ta zubar da sassansa na waje suna watsewa cikin sarari, a bar tsakiyar tsirara. Ita ake kira farin wada.

Girmansa kamar na duniyarmu ne, amma yawancinsu suna ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin Rana. A tuna Rana ta fi duniya nauyi sau 333,000, ga shi an cusa fiye da rabin wannan nauyi a wuri mai faɗin duniya. Cikin cokalin shayi na jikinsa zai yi wajen tan 5. Kuma ba baƙon abu ba ne a sama: masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 97 cikin 100 na taurarin babban garken da Ranarmu take ciki haka za su ƙare.

To in wutar ta mutu, mi ka sa shi haske?

Zafin da ya tara tun yana da wuta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada ya ga amsar da idonsa. Yaro yana zuga, gawayi yana ci, maƙeri ya sa awartaki ya zaro ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera. A lokacin ƙarfen fari-fari yake, har yana ɗaukar ido. Masaba tana sauka yana sauya launi: ruwan lemo, ja, ja mai duhu, daga bisani ya yi baƙi, ko da yake wanda ya yi gangancin taɓa shi a lokacin zai yaba wa aya zaƙinta. Tun da ƙarfen nan ya bar wuta babu abin da ke ci a jikinsa. Gawayi ne mai ci. Hasken ƙarfe zafi ne da ya ɗauko, yana mayar da shi a hankali, kuma launinsa yana faɗa maka yawan abin da ya rage.

Haka dokar take ga kowane abu mai zafi. Jikin mutum ma yana fitar da haske, sai dai irin wanda ido ba ya gani. In zafi ya haura digiri 500 abu yakan fara ja a cikin duhu, in ya ci gaba ya yi fari, in ya wuce nan ya koma shuɗi-shuɗi. Farin wada sabon haihuwa zafin fuskarsa yakan haura digiri 100,000, na cikinsa kuma ya kai wajen miliyan 100.

Zafi kuwa motsi ne. A cikin farin wada, cibiyoyin kabon da oksijin suna ta kai-komo suna gogayya da juna, kuma wannan motsin shi ne ajiyar. Duk hasken da tauraron ya fitar, daga motsin aka zare shi, babu mai mayarwa. Leon Mestel ne ya shimfiɗa lissafin wannan hucewa a Ingila a 1952, kuma a kan aikinsa ake gini har yau.

Ɗalibai su kula a nan. Da yawa sun haddace cewa tauraro da haɗewar zarra yake haske, sai su kwafe amsar su liƙa wa farin wada. Wannan amsar Rana ce. Rana tana ƙera makamashinta a kowace daƙiƙa, farin wada kuwa tsohuwar ajiya yake ci.

Amma ƙarfen maƙeri cikin 'yan mintoci yake hucewa. Yaya tauraro zai yi shekaru biliyoyi yana abu ɗaya?

Saboda ajiyar tana da yawa, mafita kuma ƙarama ce. Ta fuskar tauraro kaɗai zafi yake fita. Ɗauki Shi'ira B, ƙaramin abokin tauraron Shi'ira, kuma farin wadan da ya fi kusa da mu. Zafin fuskarsa kimanin digiri 25,000 ne, na Rana kuma 5,500. Saboda haka taku ɗaya na fuskarsa ya fi taku ɗaya na fuskar Rana haske fiye da sau 300. Amma fuskar Rana gaba ɗaya ta fi tasa faɗi fiye da sau 10,000. In aka haɗa lissafi, duk abin da yake fitarwa bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da Rana take fitarwa ba, alhali nauyinsu kusan ɗaya.

Sannan akwai maganar fatarsa, wadda a ganina ita ce mafi ban sha'awa a duk al'amarin. Cikin farin wada zafi yana tafiya ba wahala, domin elektiron ɗin da ke ciki, wato ƙananan ƙwayoyin da a al'ada suke kewaye da cibiyar zarra, suna ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri fiye da yadda tagulla take yi. Don haka kusan duk cikin tauraron zafinsa ɗaya, daga tsakiya har kusa da baki. Amma a can waje akwai siririn rufi na iskar gas: hiliyam da bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin tauraron ba, a samansa kuma, ga mafi yawansu, haidurojin da bai wuce kashi 1 cikin 10,000 ba. Wannan ɗan rufi shi ne mai gadin ƙofa. Haske yana shan wahalar ratsa shi, ana kama shi ana saki, ana kama shi ana saki. Shi ya sa za ka tarar ciki yana kan digiri miliyan 10 ko 20, fuska kuma tana kan dubu goma. Ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a nauyi, shi yake yanke tsawon rayuwar tauraron.

Hucewar kuma tana rage gudu da kanta. In zafin fuska ya ragu da rabi, hasken da take fitarwa yakan ragu sau 16. Wato yana hucewa yana ƙara rowa. Lissafi ya nuna farin wada mai matsakaicin nauyi yakan ɗauki kimanin shekara biliyan 1.5 kafin fuskarsa ta sauko wajen digiri 7,000, sannan ya ƙara kusan wasu biliyan 2 kafin ta kai 5,500.

A farkon rayuwarsa ne kawai yake asara da sauri, kuma ba ta haske ba. Lokacin da cikinsa yake da tsananin zafi yakan fitar da wasu ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda ba sa tsayawa a jikin komai. Su ba ruwansu da rufin waje, ficewa suke kai tsaye da makamashin da suka ɗauka. Bayan wasu miliyoyin shekaru, in ciki ya ɗan huce, sai wannan hanya ta toshe.

Mun karanta cewa wutar tsakiya ce take hana tauraro rushewa. In babu wuta, me ke riƙe da wannan?

Wannan tambaya ta dami manyan masana shekaru. A Rana, zafi ne yake tura sassanta waje, jan nauyi kuma yana jawo su ciki, suka yi kunnen doki. In haka farin wada yake, da yana hucewa yana rushewa.

Ralph Fowler ne ya warware ta a 1926, shekara ɗaya bayan Wolfgang Pauli ya gano wata doka game da elektiron: guda biyu ba sa zama a wuri ɗaya cikin hali ɗaya. A cikin farin wada matsi ya ɓare ƙwayoyin zarra, elektiron sun rabu da cibiyoyinsu, an cunkushe su. Matakan ƙasa na makamashi duk sun cika, dole saura su hau na sama, kuma hawa sama yana nufin gudu mai tsanani. Wannan gudun ne yake tura waje. Cunkoso ne ya kawo shi, zafi bai da hannu a ciki. Ko tauraron ya yi sanyi ƙalau elektiron ɗin ba za su lafa ba.

A nan ne abubuwa biyu suka rabu, kuma wanda ya gane rabuwarsu ya gane farin wada. Elektiron su ke riƙe da ginin. Cibiyoyin kabon da oksijin su ke riƙe da zafin. Elektiron suna da makamashi mai tarin yawa, amma ba za su iya ba da shi ba, domin kafin elektiron ya saki makamashi sai ya sauko mataki, ƙasa kuma babu gurbi. Shi ya sa tauraron yake hucewa shekara biliyoyi girmansa kusan bai sauya ba.

Wani abin mamaki ya biyo baya: mafi nauyi shi ne mafi ƙanƙanta. Shi'ira B ya fi yawancin fararen wadanni nauyi, kuma faɗinsa bai kai na duniya ba. Wannan matsewa tana da iyaka. A 1930 wani saurayi ɗan shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya fara lissafinta a cikin jirgin ruwa a kan hanyarsa daga Indiya zuwa Ingila. Abin da ya fito a ƙarshe shi ne, in nauyi ya kai kimanin ninki 1.4 na Rana, elektiron ba za su iya riƙewa ba. Arthur Eddington, wanda a lokacin maganarsa ita ce magana a fagen, ya yi watsi da sakamakon a bainar jama'a a 1935. Lissafin saurayin ne ya tabbata, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1983.

Ba ya samun makamashi daga matsewa?

Kaɗan. Yana ɗan matsewa yayin da yake hucewa, amma mafi yawan abin da matsewar ta samar elektiron ne suke shanye shi, tunda ƙarin cunkoso yana tilasta musu ƙarin gudu. Sabon farin wada ne kawai yake cin moriyar matsewa sosai.

Ke nan daga ajiyar zafi babu wani abu?

Akwai, kuma a nan ne binciken 'yan shekarun nan ya fi armashi.

Cikin farin wada ruwa-ruwa yake da farko. In zafin tsakiya ya sauko wajen digiri miliyan 10, motsin cibiyoyin kabon da oksijin yakan yi rauni har su jeru a tsare, kowace ta tsaya a gurbinta. Tauraron ya fara daskarewa ke nan, daga tsakiya zuwa waje. Abu ya daskare a digiri miliyan 10 yana da wuyar shiga kai, amma matsin wurin ne ya sa. Duk abin da ya daskare kuwa yakan saki zafi, ruwa ma sai ya saki zafi kafin ya zama ƙanƙara. Wannan zafin yana shiga ajiyar tauraron ya jinkirta hucewarsa. Ƙari a kan haka, oksijin ya fi kabon nauyi, kuma wajen daskarewar yakan fi taruwa a tsakiya. Abu mai nauyi in ya nutse yakan saki makamashi, shi ma ya koma zafi.

Hugh Van Horn ya yi hasashen a 1968 cewa za a ga alamar wannan a sama. Sai da aka jira shekara 50. Kumbon Gaia, wanda Turai ta harba a 2013, ya auna nisa da hasken taurari fiye da biliyan ɗaya. A 2019 Pier-Emmanuel Tremblay da abokan aikinsa suka duba fararen wadanni kimanin 15,000 da ke kusa da mu, suka tarar sun taru da yawa a daidai matakin haske da launin da lissafi ya ce daskarewa tana faruwa. Dalilin taruwar a fili yake: inda tafiya ta yi jinkiri, nan ake samun cunkoso. Jinkirin yakan kai shekara biliyan ɗaya ko fiye.

A cikin bayanan Gaia ɗin dai aka ga wani ƙaramin kaso na masu nauyi sosai da suka tsaya cak, kusan ba sa hucewa, na tsawon shekara biliyan 8 ko fiye. Bayanin da aka gabatar a 2024 shi ne, a cikin irin waɗannan, ɓarɓashin da ya daskare ya fi ruwan da ke kewaye da shi rashin nauyi, don haka yakan taso sama ya narke, ruwa mai nauyi da ke ɗauke da wani nau'in sinadarin niyon ya gangara ƙasa. Wannan juyi yana ta sakin makamashi.

Akwai kuma waɗanda ɗan haidurojin da ke fatarsu yake ci gaba da haɗewa a hankali. Madubin hangen nesa na Hubble ya nuna alamar haka a dunƙulen taurari mai suna M13 a 2021.

Ta yaya aka fara gano su?

Ta hanyar tauraron da duk mai karatun Alƙur'ani ya san sunansa: Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Shi ne mafi haske a taurarin dare, nisansa tafiyar haske ce ta shekara 8.6. A 1844 Friedrich Bessel, Bajamushe, ya lura tauraron ba ya tafiya a miƙe, yana ɗan karkacewa hagu da dama, ya ce lallai akwai wani abu mai nauyi da ke jansa. A 1862 Alvan Graham Clark yana gwada sabon madubin hangen nesa a Amurka ya hango ɗan ɗigon haske a gefensa. Su biyun suna zagaya juna duk shekara 50.

Kowa ya ɗauka ɗigon tauraro ne mai sanyi, tunda Shi'ira ya fi shi haske a ido kusan sau 10,000. A 1915 Walter Adams ya tace haskensa ya tarar fari ne mai zafi. Abu mai zafi haka, mai nauyin Rana, amma haskensa ɗan kaɗan, ba shi da wata fassara illa ƙanƙanta. Shekara biyar kafin nan, a 1910, Henry Norris Russell da Edward Pickering da Williamina Fleming sun riga sun ci karo da irin wannan a wani tauraro mai suna 40 Eridani B.

Duka farare ne?

A'a. Waɗanda aka fara gani ne farare. Sababbi shuɗi-shuɗi suke, tsofaffi sukan koma rawaya, mafiya tsufa kuma fuskarsu ta sauko wajen digiri 4,000, ƙasa da ta Rana.

An ce farin wada yana fashewa. Mataccen abu kuma?

In yana shi kaɗai ba ya fashewa. Amma in yana da abokin zagaye a kusa, jan nauyinsa yakan yago iskar gas daga jikin abokin. Jan nauyi a fuskar farin wada ya fi na duniya sau 100,000 ko fiye, don haka gas ɗin yakan faɗo da mugun gudu, ya yi zafi, ya yi haske. Wannan sabon makamashi ne daga waje.

In haidurojin ɗin ya taru a fuskarsa ya kai wani kauri, yakan kama gaba ɗaya. Tauraron ya yi haske ninki dubbai na 'yan kwanaki, sannan ya lafa, kuma bai mutu ba. Wannan ita ce noba. Akwai wani mai suna T Coronae Borealis da ya yi haka a 1866 ya sake a 1946.

In kuma nauyin ya yi ta ƙaruwa har ya kusanci iyakar Chandrasekhar, ko fararen wadanni biyu suka haɗe, kabon ɗin da ya ƙi kamawa tun farko yakan kama. Tauraro na yau da kullum in ya yi zafi yakan kumbura ya huce. Farin wada ba ya kumbura da zafi, tunda ba zafi ne ke riƙe da shi ba, don haka wutar ba ta da birki. Cikin 'yan daƙiƙoƙi take cinye tauraron, ya tarwatse, ya yi hasken da ya kai na Rana biliyoyi. A 1006 an ga irin wannan a sama ta kudu. Ali bin Ridwan, likita masanin taurari a Masar, ya rubuta cewa haskensa ya ɗan haura rubu'in na wata. Tunda mun fi Masar kudu, mutanen ƙasar nan na wancan zamani sun fi shi samun tauraron a sama sosai. Da irin wannan fashewa aka gano a 1998 cewa faɗaɗar sararin samaniya tana ƙara gudu.

Yaushe yake mutuwa gaba ɗaya?

In ya huce har ya daina haske sai a kira shi baƙin wada, amma babu ko ɗaya tukuna. Shekarun sararin samaniya biliyan 13.8 ne, kuma ba su isa ba. Wannan ya ba masana agogo: in ka nemo farin wada mafi sanyi ka lissafa shekarun da ya ɗauka yana hucewa, ka san mafi ƙarancin shekarun unguwar da yake. Don Winget da abokan aikinsa sun yi haka a 1987, suka samu kimanin shekara biliyan 9 ga ɓangaren garken taurari da muke ciki.

Ranarmu fa?

Shekarunta biliyan 4.6, kuma haidurojin ɗin tsakiyarta zai kai ta wasu biliyan 5. Bayan nan, a lissafin masana, za ta kumbura ta haɗiye duniyoyi biyu da suka fi kusa da ita, ta zubar da kusan rabin nauyinta, ragowar ta zama farin wada na kabon da oksijin. Ba ta da abokin zagaye da za ta yago wa gas, don haka babu fashewa a tafarkinta.

Malam, ana iya ganin wani daga nan Sakkwato?

Da ido tsirara, a'a. Babu farin wada ko ɗaya da ido yake gani ba tare da na'ura ba.

Shi'ira kansa ba ya ɓuya. A watan Janairu bayan sallar isha'i, nemi taurarin nan uku da suka jeru layi ɗaya, ka bi layinsu zuwa kudu maso gabas, za ka faɗa kansa. A tsakiyar Fabrairu wajen ƙarfe 10 na dare yana can sama ta kudu. Amma abokinsa yana nutse cikin ƙyallinsa, sai da madubi babba da iska mai kwanciya ake raba su.

Wanda ya fi sauƙi shi ne 40 Eridani B, mai nisan tafiyar haske ta shekara 16. Ƙaramin madubin hangen nesa ya isa, domin yana da tazara mai kyau daga babban abokinsa. A kudu da taurarin nan uku akwai wani mai haske, fari mai shuɗi-shuɗi, ana ce masa Rijil. Miƙe hannu ka auna ƙasa da taƙi ɗaya daga shi zuwa yamma, a nan 40 Eridani yake, ɗan tauraro mai launin ruwan lemo, kuma manhajar taswirar sama a waya za ta tabbatar maka. Farin wadan shi ne ɗigon da ke gefensa a cikin madubi.

Matsalarmu hazo ce, domin lokacin da waɗannan taurari suka fi kyan gani da dare shi ne lokacin hunturu. A jira daren da ƙura ta kwanta kuma babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa. A fita bayan gari, ta hanyar Bodinga ko Kware, inda fitilu suka ragu, a bar ido ya saba da duhu na minti 20 kafin a leƙa madubin.